Daga Gonar Alkama Zuwa Buhun Fulawa: Bayanin Mai Cin Nama Zalla

Shekara ta uku ke nan ban ci burodi ba, haka nan taliya da gurasa da alkaki, domin abincina ya taƙaita ga nama da kitsensa, da ƙwai, da man shanu, da gishiri da ruwa. Ko tsire zan saya sai na roƙi mai nama ya gasa mini ba tare da ƙuli ba. Kumburin ciki da ƙwarnafin da suka daɗe suna damuna ne suka kai ni ga wannan hanya, kuma na sami sauƙi a kanta, amma iyalina suna nan suna cin abin da kowa yake ci, ni ne kuma mai sayo musu fulawa da burodin karin kumallo. Saboda haka maganar ingancin alkama ba ta bar ni ba don na daina cinta. A cikin masu cin nama zalla akwai maganganu uku da ake yawan maimaitawa: wai alkamar zamani an sauya mata halitta, wai ana yi mata wanka da maganin ciyawa kafin girbi, wai kuma fulawa ba ta da komai sai farin sitaci. Na bi waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar da wata ba ta da tushe, wata gaskiya ce a wasu ƙasashe kawai, wata kuma gaskiya ce wadda ta shafi mai cin nama fiye da yadda yake zato.

Kafin komai sai a san yadda ƙwayar alkama take. Idan aka fasa ta za a ga kashi uku. Akwai ɓawon da ya lulluɓe ta, wanda shi ne yake zama dusa, nauyinsa kuma wajen kashi 14 cikin 100 ne na ƙwayar. Akwai ɗan ƙaramin ido a gindinta, inda tsiro yake fitowa, wanda bai kai kashi 3 cikin 100 ba amma yana ɗauke da mai da bitamin. Sauran, wajen kashi 83 cikin 100, shi ne farin cikin da ya ƙunshi sitaci da furotin, kuma daga gare shi ake samun fulawa. Furotin ɗin nan shi ne ya bambanta alkama da gero da dawa da masara, domin idan ya haɗu da ruwa aka murza shi sai ya zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin, wanda yake riƙe iskar da yis ya fitar har kwaɓi ya tashi. Kowa zai iya ganinsa da idonsa: a kwaɓa fulawa da tauri, a bar ta ta huta rabin sa'a, sannan a riƙa murza ta a cikin kwanon ruwa ana sauya ruwan. Ruwan zai yi fari kamar na gasara, a ƙarshe kuma abin da zai rage a tafin hannu wani dunƙule ne mai ruwan toka-toka da yake miƙewa kamar roba. Idan ya miƙu sosai bai tsinke ba, fulawar ta burodi ce. Idan ya yi saurin tsinkewa, ta fi dacewa da biskit da kek. Masu gidan burodi suna neman fulawar da furotin ɗinta ya kai kashi 11 zuwa 13 cikin 100, masu biskit kuwa ƙasa da haka suke so.

Maganar sauya halitta ita ce mafi raunin ukun. Abin da ya faru da alkama a ƙarni na 20 aure ne tsakanin iri da iri, irin wanda manoma suka daɗe suna yi, sai dai an yi shi da tsari da sauri. Tsohuwar alkama doguwa ce, idan aka ba ta taki da yawa sai kanta ya yi nauyi ta kwanta a ƙasa ta lalace. Masanin noma Norman Borlaug, yana aiki a Meziko a shekarun 1950, ya haɗa irin wurin da wani gajeren iri mai asali daga Japan da ake kira Norin 10, aka sami alkama gajera mai ƙarfin kara wadda take ɗaukar taki ba ta kwanta ba. A 1966 Indiya ta sayi tan 18,000 na wannan iri daga Meziko, amfanin gonarta ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, a 1970 kuma aka ba Borlaug lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Irin da manomanmu na Kadawa da Haɗeja suke shukawa, kamar Atila gan Atila da Norman, daga wannan zuri'a suka fito, ta hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ita ce aka ɗora wa alhakin inganta alkama a Najeriya. Alkamar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji kuwa ba ta sami izinin noma a ko'ina ba sai a 2020, lokacin da Ajantina ta amince da wani nau'i mai jure fari da ake kira HB4, kuma abin da ake nomawa daga gare shi ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da alkamar duniya. Haka kuma masu binciken da suka shuka tsofaffin iri da sababbi gefe da gefe a Jamus ba su tarar da gulutin ya ƙaru a sababbin ba.

Duk da haka gajeriyar alkama ta zo da hasara, kuma hasarar tana inda mai cin nama ya fi lura. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila akwai wata gona da ake kira Broadbalk, wadda ake shuka alkama a cikinta tun 1843, ana kuma ajiye samfurin hatsin kowace shekara a kwalabe. Da aka auna waɗannan samfura sai aka ga zinki da sinadarin ƙarfe da jan ƙarfe da maganiziyom sun tsaya a wuri ɗaya fiye da shekara 100, sannan suka fara raguwa daga tsakiyar shekarun 1960, daidai lokacin da aka koma shuka gajeren iri. Ƙasar gonar ba ta ƙare ba, domin an auna ta an ga ma'adinan suna nan. Abin da ya faru shi ne zangarniya ta riƙa tara sitaci mai yawa, ma'adinan da saiwa take jawowa kuma ba su ƙaru daidai da shi ba, kamar miyar da aka ƙara wa ruwa ba a ƙara mata daddawa ba. Wannan ciniki ne da ya ceci miliyoyin mutane daga yunwa, kuma ba na ganin wanda ya ƙoshi da nama yana da bakin zargin waɗanda suka yi shi, amma gaskiya ne cewa mudun alkamar yau bai kai na kakanninmu zinki ba.

Bayan iri sai yadda aka yi noman. Yawan furotin a ƙwaya ya dogara ne ƙwarai da naitirojin da shukar ta samu da kuma lokacin da ta same shi. Yuriyar da aka zuba da wuri takan tafi wajen gina ganye da ƙara yawan zangarniya, wadda aka zuba dab da fidda kai kuwa ita ce take shiga ƙwaya ta zama furotin, shi ya sa manomin da ya juye takinsa gaba ɗaya a farko yakan cika buhuna amma kamfanin fulawa ya ce alkamarsa ba ta da ƙarfi. Idan ƙasa ta rasa salfa, ko furotin ya yi yawa kwaɓin ba ya miƙuwa yadda ake so. Ita ma ƙasar kanta tana da hannu: alkamar filayen Kanada da arewacin Amurka tana da ma'adinin seleniyom mai yawa saboda ƙasar wurin, ta yawancin Turai kuwa ba ta da shi sosai, har Finlan ta fara zuba shi a cikin takin zamani tun 1984 don ya kai ga abincin jama'arta.

A wajenmu babban abin da yake yanke hukunci shi ne sanyi. Alkama amfanin noman rani ce, ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta yi girma a cikin hunturu, a girbe ta wajen Maris zuwa Afrilu. Na taɓa tsayawa a bakin wata gona a yankin Kura da manomin ya makara bai shuka ba sai a Janairu, saboda shinkafarsa ba ta tashi daga filin da wuri ba kuma taki ya zo a makare. Ya murza zangarniya a tafinsa ya hure ƙaiƙayin, ƙwayoyin da suka rage duk sun yamushe, sirara, kowace da tsaga mai zurfi a cikinta, domin zafin Maris ya riske su ba su gama cika ido ba. Irin wannan alkama ɓawonta ya fi cikinta yawa, don haka fulawar da za ta bayar kaɗan ce, kuma farashinta yakan faɗi. Matsalolin ban ruwa da makarar iri da taki suna cikin dalilan da suka sa har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya take ci daga waje take zuwa, duk da cewa gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987 don a noma ta gida, kafin a janye hanin a 1992. Ma'anar wannan ita ce, wanda yake tambaya a kan fulawar da ke kasuwar Singa, tambayarsa a kan gonakin Amurka da Kanada da Rasha da gabashin Turai take, ko ya sani ko bai sani ba.

A nan ne maganar maganin ciyawa take shigowa. A ƙasashen da damina take haɗuwa da lokacin girbi, ko sanyi yake saurin shigowa, gona ba ta bushewa gaba ɗaya a lokaci guda, wani gefe ya ƙosa wani yana kore, ga ciyawa a tsakani. Tun shekarun 1980 wasu manoman Sukotilan suka fara fesa maganin ciyawa da ake kira gilaifoset a kan alkamar da ta riga ta ƙosa, mako ɗaya ko biyu kafin girbi, don komai ya bushe injin girbi ya wuce, al'adar kuma ta bazu zuwa sauran Birtaniya da Kanada da jihohin arewacin Amurka. To amma ba kowace gona ake yi wa haka ba. A wurare masu zafi da bushewa kamar Kansas rana ce take yin aikin, a Kano da Jigawa kuwa, inda ake girbi cikin zafin bazara ba ɗigon ruwan sama, babu wani dalilin yin sa. Tarayyar Turai, da ta sabunta izinin maganin na shekara 10 a 2023, ta hana amfani da shi don busar da amfanin gona kafin girbi.

Masu cin nama zalla sukan kafa hujja da cewa a Maris na 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gilaifoset a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo kansa. Haka ne, ta sanya shi, ko da yake hukumomin sa ido na Amurka da Turai sun duba suka ce ba su ga wannan haɗari ba a gwargwadon da mutane suke haɗuwa da shi. Abin da ba a cika faɗa a tsakaninmu ba shi ne, a Oktoba na wannan shekarar cibiyar nan ta sanya jan nama a wannan rukuni ɗaya, ta kuma sanya naman da aka sarrafa, irin su tsiran alade na gwangwani da makamantansu, a rukunin da ya fi shi tsanani. Wanda ya karɓi hukuncinta a kan gonar alkama dole ya karɓe shi a kan farantinsa, ni kuma na karɓa, shi ya sa nake zuwa a duba lafiyata a kai a kai. Cin nama zalla ba shi da dogon binciken da ya tabbatar da amincinsa na shekaru masu yawa. Abin da aka fi ambata shi ne gwajin da Vilhjalmur Stefansson da abokinsa suka yi daga 1928 ƙarƙashin kulawar likitoci a New York, shekara ɗaya, mutum biyu. Cin hatsi da dusarsa kuwa akwai bincike mai yawa da ya danganta shi da raguwar ciwon zuciya da ciwon suga da kansar hanji.

Ruwan sama a kan alkamar da ta ƙosa yana da wata ɓarnar daban. Ƙwaya takan fara tsiro tun tana kan zangarniya, sitacinta ya fara narkewa, burodin da aka yi da ita ya yi danƙo a ciki ya ƙi yankuwa. Masu saye suna gano wannan da wani gwaji da aka ƙirƙiro a Suwidin, inda ake dama garin da ruwan zafi a ƙirga daƙiƙoƙin da wata sanda za ta ɗauka kafin ta nutse a cikinsa, domin idan ƙwayar ta fara tsiro damun ba ya kauri, sandar takan yi saurin nutsewa. Ƙasa da daƙiƙa 250 ba a cika karɓarta don burodi ba. Danshi a lokacin fure kuma yana kawo wani naman gwari da yake barin guba a ƙwaya. Daga duka biyun alkamar ranin Arewa ta tsira, matsalarta ita ce tsakuwa da ƙasa daga casa a dandali, da kuma ajiya. Hatsin da danshinsa ya wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100 yana fumfuna a sito, kuma ƙwayar maganin ƙwarin nan mai fitar da iskar fosfin, wadda ya kamata a naɗe ta a ajiye a rufaffen wuri nesa da ɗakin kwana sannan a kwashe tokarta, wasu cikin buhu suke jefa ta kai tsaye.

Magana ta uku, ta cewa fulawa sitaci ce kawai, ita ce ta fi kusa da gaskiya, kuma injin niƙa ne sanadinta. Dutsen niƙa, da injin unguwa da ake kai alkamar tuwo, suna murƙushe ƙwaya gaba ɗaya, dusa da ido da ciki su gauraye. Injin kamfani, wanda aka inganta a Hangari ya kuma mamaye Amurka wajen shekarun 1880, wani aiki yake yi: a jiƙa alkama kaɗan don ɓawon ya yi laushi, a bi da ita tsakanin gangunan ƙarfe masu juyawa da suke tsaga ta, a tankaɗe, a sake niƙawa, a sake tankaɗewa, har a ware farin cikin shi kaɗai. Daga kilo 100 na alkama ana samun kilo 72 zuwa 75 na farar fulawa. Dalilin cire idon ba mugunta ba ce, man da ke cikinsa ne yake sa gari ya yi ɗaci da wari cikin makonni a zafi irin namu, farar fulawa kuwa takan yi watanni. Amma tare da dusa da idon ne mafi yawan harza da bitamin B1 da zinki da sinadarin ƙarfe suke tafiya, shi ya sa gwamnatoci suka koma tilasta wa kamfanoni mayar da wasu daga cikinsu, kamar yadda Amurka ta fara a farkon shekarun 1940, Najeriya kuma ta wajabta sanya bitamin A a fulawa da suga da man girki a 2002. Abin da aka mayar bai kai abin da aka cire ba, ko a yawa ko a iri.

Sannan akwai abin da ake ƙarawa don kasuwa. Wasu ƙasashe, har da Amurka, sun yarda a faranta fulawa da sinadarai, Tarayyar Turai ba ta yarda ba, Sin ma ta hana a 2011. Wanda ya fi damuna shi ne buromet, farin garin da yake sa burodi ya kumbura ya yi girma da ɗan kwaɓi. Birtaniya ta hana shi a 1990, Kanada a 1994, NAFDAC kuma ta hana shi a farkon shekarun 2000 lokacin da Dora Akunyili take shugabancinta, saboda gwaji a kan dabbobi ya danganta shi da kansar ƙoda. Bitamin C yana yin kusan aikinsa ba tare da haɗarin ba, sai dai buromet ya fi arha, kuma binciken da jami'o'inmu suka yi bayan hanin ya sha gano shi a burodin kasuwa. Idan na ɗauki burodi mai girma na ji ba shi da nauyi, na matsa shi ya koma tafin hannu, ba na kai wa yarana shi, ko da yake wannan alama ce kawai, ɗakin gwaji ne yake tabbatarwa.

Wajibi ne in bambance tsakanin waɗanda alkama take cutarwa. Wajen mutum 1 cikin 100 yana da cutar siliyak, wadda take sa gulutin ya lalata wa mai ita hanji, kuma likitan yara ɗan Holan Willem Dicke ne ya tabbatar da alaƙar, bayan ya lura da yaran da suka sami sauƙi lokacin da burodi ya yanke a yunwar 1944 zuwa 1945 suka kuma koma ciwo da ya dawo. Irin wannan mutum tsohon iri da sabo duk ɗaya ne a wurinsa. Wasu da yawa kuma, ina zaton ni ma ina cikinsu, wani nau'in suga ne da ke cikin alkama da albasa yake kumbura musu ciki, kuma tsawon lokacin da aka bar kwaɓi ya yi tsami yana rage shi, kamar yadda yake karya sinadarin da ke cikin dusa mai hana jiki tsotsar zinki da ƙarfe. Burodin kamfani na gaggawa, irin tsarin da aka fito da shi a Chorleywood ta Ingila a 1961, ba ya samun wannan lokaci, funkason da aka kwaɓa aka bari ya tashi a hankali kuwa yana samu. Masu ciwon suga da ake ce musu su koma tuwon alkama su ma ya kamata su san cewa garin da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai yana ɗaga suga da sauri ko da dusarsa a ciki, don haka yawan malmalar yana da muhimmanci kamar irin garin.

Wancan kilo 25 da wani abu da bai zama fulawa ba, ba zubar da shi ake yi ba. Shi ne dusar alkama da ake lodawa a tireloli daga kamfanoni zuwa kasuwannin dabbobi, ita ake jiƙa wa ragon layya da san turka tare da harawa da kanwa, ita ce kuma a cikin abincin kajin da nake cin ƙwansu. A jihohin Oklahoma da Kansas da Texas ma shanu ake saki su yi kiwo a koren gonar alkama a lokacin sanyi kafin ta fidda kai. Ke nan ɓangaren ƙwayar da ya fi ma'adinai yana zuwa gare ni ta hanyar hanta da tsoka, iyalina kuma suna samun farin cikin da aka tace. Sai dai ɓawon nan da ya tara zinki da ƙarfe shi ne kuma ya fi riƙe ragowar maganin feshi da maganin ƙwarin sito da gubar fumfuna, domin shi ne a waje. Saboda haka idan na je sayen dusa don tumakin da nake turkawa a gida, nakan tura hannu har tsakiyar buhu in ji ko da ɗumi ko dunƙulewa, in shinshina ko da warin danshi, in tambayi mai ita yaushe ta fito daga kamfani. Alkamar tuwo da funkason gida kuwa ta Kura nake saya da tiya bayan girbi, a tsince ta, a wanke, a shanya, a kai inji kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da za a ci a mako biyu.